In an kawo maka ganyen gyada shago

Kai yaro, wai mutum ya zo da ganyen gyada duk tabo, wane magani za ka miƙa masa? Ka ma juya ganyen kuwa? Ku 'yan yanzu ido na kan waya, hannu na kan kwali.

Tabo ruwan ƙasa mai zagayen rawaya, ko baƙi a bayan ganye, tabon ganye ke nan. In ka shafa bayan, gari ja-ja ya manne maka a yatsa, tsatsa ce. Maganin feshi irin mancozeb ko chlorothalonil na tare su, in an fara feshi gyada na da kwana 30 zuwa 40, ana maimaitawa duk sati biyu. In cuta ta riga ta shiga, sai mai ratsa jikin shuka irin tebuconazole, shi ma kar a yi ta nanata shi kaɗai, cutar kan saba da shi. Gyadar da ta tsugune, ganye ya cukurkuɗe, kuturta ce, wadda ta cinye gyadar Arewa a 1975. Ƙwari masu tsotso ke yaɗa ta, waɗannan magungunan ba ruwansu da ita.

Bencin nan da kake kai, wani Alhaji mai gona wajen Saki a jihar Oyo ya taɓa zama a kansa. Ya kwashi mancozeb kwali-kwali bashi, wai sai ya cire gyada. Na ce masa rigakafi ne, ya je ya fesa yanzu. Ya kai ya jibge a ɗaki, shi sai ya ga cuta da idonsa. Sai da ganye ya fara zuba ya sa aka fesa, da la'asar, ga hadari ya haɗo. Maganin da a saman ganye yake zama, ruwan kudu zai bar shi? Da kaka ya dawo nan kasuwar Mile 12 ta Legas hannu rabbana, ya tsaya bakin shagon nan yana shelar wai jabu na sayar masa. Ni! Ga lambar NAFDAC ɓaro-ɓaro a jikin leda. Har gaban dattawan kasuwa muka je, ya yi ta rantsuwa, aka ce in yi haƙuri. Sisi bai biya ba. Har yau in mun haɗu a Juma'a a Agege, hannu biyu yake miƙo mini, ko kunya.

Awon maganin yana jikin ledar, ba zan zauna koya maka karatu ba. In mai ganyen gyadan ya ambaci bashi, ka ce maigida ya hana.