Likita, kaluluwar yarona ɗa'una ce?

Wani ɗalibi daga Ɗorayi: An koya mana annobar da ta cinye mutanen Turai a zamanin da. Wai har yanzu tana nan?

Tana nan, ita ce ɗa'una. Tsakanin 1347 da 1351 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Tun kafin nan, a shekara ta 18 bayan Hijira, ta ɓarke a Amwas ta ƙasar Sham, a cikinta Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal suka rasu, Allah ya ƙara musu yarda. Sai a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong. Legas ma ta sha fama da ita daga 1924. A yau an fi samun ta a Madagaska da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Peru. A 2017 ta kama mutum sama da 2,000 a Madagaska, fiye da 200 suka mutu.

Wata baiwar Allah daga Fagge: Cizon ɓera ne ke kawo ta?

Galibi ƙuma ce. Ta sha jinin ɓera mai cutar, ɓeran ya mutu, ita kuma ta koma kan mutum.

Wata uwa daga Kurna: Yarona ɗan shekara tara kaluluwa ta fito masa a matsematsi, ga zazzaɓi kwana uku. Maƙwabciyata ta ce ɗa'una ce, kakarsa kuma ta ce a kira wanzami ya yi masa sakiya.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kada a kira wanzamin nan. Ki kai shi asibiti yau, ba gobe ba.

Ki kwantar da hankalinki ta ɓangare guda: ɗa'una ba cuta ce da muke gani a asibitocin Kano ba. Ita farat ɗaya take kayar da mutum, kwana ɗaya zuwa bakwai bayan ƙwayar ta shiga jiki: zazzaɓi mai zafi, rawar sanyi, ciwon kai da na gaɓoɓi, amai, sannan kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, har ta kai girman ƙwan kaza, ko riga ce ta goge ta sai mutum ya yi ƙara. Idan ta shiga jini, yatsu da kan hanci kan yi baƙi. Idan ta kai huhu, sai tari da jini, kuma a nan take yaɗuwa ta numfashi. Ta kaluluwa wadda ba a yi wa magani ba tana kashe mutum 30 zuwa 60 cikin 100, amma in an zo da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna warkar da ita.

Na yaronki, ki duba ƙafarsa da kyau, har tsakanin yatsu. Yaran da ke ƙwallo ba takalmi, sau da yawa za ki tarar da tuntuɓe ko ƙusa ko ƙurji da ya ruru, kaluluwar kuwa jiki ne ke faɗa da ƙwayoyin da suka shigo ta nan. Amma zazzaɓin kwana uku a jikin yaro ba abin jira ba ne, sai an auna jininsa.

Sakiyar ce ke ɓata min rai. A matsematsin nan manyan jijiyoyin jinin ƙafa suke wucewa, dab da kaluluwar. Ƙarfe ya kauce kaɗan, jini ya ɓalle, kafin a samo a-daidaita-sahu an rasa yaro. Ko bai kauce ba, ga tetanus mai sandarar da jiki, ga ciwon hanta daga askar da aka tsaga wani da ita. Sannan kaluluwar da ta daɗe, musamman a wuya, tana iya zama tarin fuka ko ciwon daji. A ƙona ta, a shafa toka, a ɓata watanni cutar na cin jiki. Na san da wuya ki musa wa surukarki. Ki sa mahaifinsa ya lallaɓa ta, ku tafi tare da ita ta ji daga bakin likita. Kada kuma ki sayo rabin katin kafso a kemis. Asibitin Murtala ko na kusa da ku, yau.

Wani ɗan kasuwa daga Dawanau: Ɓeraye sun addabi sitona. In ji tsoron ɗa'una?

Alhaji, zazzaɓin Lassa za ka fi jin tsoro, shi ne muke da shi a ƙasar nan, kuma ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci yake shiga. Ka ɗora buhuna a kan katako, ka toshe ramuka, kada yaranka su ɗauki mushen ɓera da hannu. Masu yayyafa fiya-fiya a kan wake kuwa su ji tsoron Allah, guba ce suke ciyar da mutane. Duk yaron sito da ya yi zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a garzaya da shi asibiti, a kuma faɗa wa likita irin aikin da yake yi.