Jaririn da ya ƙi nono a kwana na uku

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce. An haifi jariri lafiya lau, a kwana na 3 ya ƙi nono, sai amai da yawan barci. Me za mu duba?

Amsa: Malama, bayan zargin ƙwayoyin cuta, ku tuna da cututtukan gado masu hana jiki sarrafa abinci, musamman in auren zumunci ne ko an taɓa rasa jariri haka. Ku auna sukari da amoniya, wato sharar da jiki ke samarwa idan ya sarrafa furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nono da abinci). Jinin gwajin amoniya a sa shi cikin ƙanƙara, a kai nan take, don in ya jima sakamakon hawa yake yi. A dakatar da nono, a ɗaura ruwan gulukos kashi 10, a tura babban asibiti. Kada hana furotin, wato dakatar da nonon, ya wuce awa 48, in ba haka ba jiki zai narka tsokarsa, amoniya ta ƙaru.