Kan batun sayen ƙaramar lema

Malam, ka ce tsallenka 40 kacal daga jirgi a Dubai, kuma kana so ka sayi ƙaramar lemar sauka daga jirgi irin ta masu sauka a guje suna shafar ruwa kafin ka dawo Kano. Don Allah dakata tukuna. Ko lasisin B na USPA, ƙungiyar masu tsalle da lema ta Amurka, ba ka kai ba, shi sai tsalle 50, C kuwa 200.

Lissafin girman lemar da ta dace da kai shi ne nauyinka haɗe da kaya a fam, a raba da faɗin lemar a murabba'in ƙafa. Kai da ka ce kilo 80 ne, da kaya ka kai wajen fam 200, kenan lema mai faɗin murabba'in ƙafa 210 ko 230 ce daidai kai, wato ƙasa da fam ɗaya a kowace murabba'in ƙafa. Ƙananan lemomi masu gudu irin su Velocity ɗin nan na tsofaffin hannu ne, juyi ɗaya ka yi kusa da ƙasa kafin ka ja birki ka riga ka bugu, lema a buɗe lafiya lau amma mutum a karye.

Kuɗin gara ka zuba a na'urar da ke buɗe lemar ajiya da kanta, Cypres ko Vigil, ragowar ka biya koci. Lema ta hannu ma ba laifi, mu da muka saba da gwanjon Ƙofar Wambai, amma sai mai lasisin naɗe lema ya duba maka ita.