Tambaya da Amsa: Gidana ƙarami ne, ina zan kafa eriya?

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Na samu lasisin rediyon 'yan sha'awa, na kuma sayi na'urar gajeren zango mai ƙarfin wat 100. Ina son in riƙa magana a mita 40, amma tsakar gidanmu ba ta wuce mita 16 a tsawo ba, rufinmu na kwano ne, ga wayoyin lantarki sun ratsa ta ƙofar gida. Wani abokina ya ce in shimfiɗa wayar eriyar a kan rufi kawai in huta. Yaya ka gani?

AMSA: Ɗan'uwa, barka da samun lasisi. Shawarar abokinka kuwa, ajiye ta gefe. Kwano ƙarfe ne, idan waya ta kwanta a kansa ko ta matso kusa da shi, zai rikita mata awo ya danne saƙon, ka yi ta kira ba mai jin ka sai maƙwabcin da ka shiga masa rediyo.

Kafin mu zo kan eriyar, fita ka dubi wayoyin wutar nan. Ƙa'idar da masu wannan harka suke bi ita ce ko da sandarka ta faɗi da tsawonta duka, kanta kada ya kusanci wayar wuta da ƙasa da mita 3. Wato in sandar mita 9 ce, gindinta ya nisanci wayoyin da mita 12 aƙalla. Ka auna da tef, kada ka yi da ido, domin ido yana yaudara in ana kallon sama. In lissafin bai fita ba, rage sandar ko ka matsar da ita baya. Kada kuma wayar eriya ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin ta lantarki, komai kyan wurin ɗauri da ka hango a can. Mutane sun mutu wajen ɗaga sanda, ba sau ɗaya ba.

To, ga abin da zan yi da ni ne kai. Eriyar da ake kira daifol waya ce biyu masu tsawo ɗaya, kebul ya shigo ta tsakiyarsu. Ana samun tsawonta a mita idan an raba 143 da megahaz ɗin da za a yi aiki a kai. A megahaz 7.1, wato cikin zangon mita 40 ɗin da kake so, ka samu mita 20 da ɗoriya, kowane hannu kamar mita 10. A miƙe ba za ta shiga gidanka ba. Amma in ka ɗaga tsakiyarta a kan sanda ɗaya mai mita 9, ka sauko da bakunan biyu zuwa mita biyu da rabi daga ƙasa, kamar harafin V da aka kife, faɗin da za ta ci bai kai mita 16 ba. Ka kula kusurwar da ke sama kada ta matse ƙasa da digiri 90, in ta matse hannayen biyu za su fara cin juna.

Bakunan nan kuwa kada ka raina su. A nan ƙarfin wuta yake taruwa lokacin da kake magana, kuma wat 100 ya isa ya ƙone yatsa. Shi ya sa na ce mita biyu da rabi, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kowane baki ya ƙare a guntun bututun roba mai huji biyu, waya a huji ɗaya, igiya a ɗayan, igiyar ce za ta tafi bango. Nemi igiyar da ke jure rana, mai arhar nan ruɓewa take yi a tsaye, ranar iska ta tsinke. A kan sandar ka sa 'yar tayar da igiya ke bi, irin ta sandar tuta, domin za ka sauke eriyar nan ka mayar fiye da yadda kake zato.

Dalili shi ne gyaran tsawo. Yanke kowane hannu mita goma da rabi, ka ɗaga, ka auna SWR, wato awon da ke nuna yadda eriya ta dace da rediyo, da ƙaramin ƙarfi. In mafi ƙarancin awon ya faɗo a megahaz ɗin da ke ƙasa da wanda kake so, wayar ta yi tsawo. Sauke, naɗe santimita 10 a kowane baki, ka murɗa shi a jikin wayar, kada ka yanke tukuna. Da ka samu SWR ƙasa da 2, ka isa. Akwai masu ɓata mako guda suna neman 1 cif, alhali wanda ke sauraronsu ba zai ji bambanci ba.

A tsakiya sa balun, wato 'yar na'urar da ke daidaita haɗin kebul da eriya, na 1:1 don kada kebul ya dawo maka da saƙon cikin ɗaki. Naɗe mahaɗar da tef mai manne kansa, ruwa in ya shiga kebul ya gama da shi. Inda kebul zai shiga bango, bar shi ya lanƙwasa ƙasa kaɗan ya sake hawa, ruwan sama ya ɗige a waje.

Kada ka sa ran wannan tsayin zai kai ka ƙetaren teku kullum. Mita 9 ƙasa ce ga zangon mita 40, yawancin saƙon sama zai nufa ya dawo, ka ji tashoshin da ke 'yan ɗaruruwan kilomita garau, na nesa sai da dare in an dace. Amma tsayin sandar nan ya kusa rabin zangon mita 20, inda hannu ɗaya mita 5 ne kacal, kuma a wannan zangon ne ake kaiwa nesa. Wayar mita 40 ɗin ma takan yi aiki a megahaz 21.

Batun aradu: kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, tsawon mita 2.4, a ƙasa daidai inda kebul ke shiga gida, mai aikin wuta ya haɗa ta da ta gidan da waya mai kauri. Duk da haka, da ka ga hadari ya taso, cire kebul daga rediyo tun kafin a fara walƙiya.

TAMBAYA: Malam, ni ta hannu gare ni, mai aiki a megahaz 145. Na sa eriya a sama da kebul RG-58 mita 30, amma ban ga canji sosai ba.

AMSA: Kebul ɗin ne ya cinye maka. A wannan zangon, mita 30 na RG-58 yana shanye kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinka kafin ya kai sama. Kebul RG-213, wanda ya fi shi kauri, zai rage asarar zuwa kamar rabi, gajarta hanyar kuma ya fi komai sauƙi. Kai kam, in rufinka na kwano ne, taimakonka ma zai yi: tsayayyar waya mai santimita 49 a tsakiyarsa, garkuwar kebul, wato saƙaƙƙen ƙarfen da ya lulluɓe wayar ciki, a haɗe da kwanon, ta isa. Saƙon 145 yana tafiya kusan iya inda eriya ke hangowa, don haka matso da rediyon ɗakin da ya fi kusa da ita, ka bar eriyar a can sama.