Hukuncin Koyar da 'Ya'ya a Gida Maimakon Kai Su Makaranta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da ni da maigidana muka cire yaranmu uku daga makaranta, ni nake koyar da su. Babban, mai shekara 10, hadda ba ta ba shi wuya. Mai bi masa kuwa karatu ba ya zauna mata sai na haɗa da wasa. 'Yan'uwa suna cewa na zalunce su, wai kuma karatu da wasa ba tarbiyyar Musulunci ba ce. Wani lokacin haƙurina kan ƙare in kai hannu. Ina da laifi wurin Allah?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, koyar da su a gida halal ne. Abin da shari'a ta ɗora wa iyaye shi ne yaro ya samu ilimi da tarbiyya, ba ta ayyana ginin da za a zauna ba. Allah ya umarce mu a Suratut Tahrim, aya ta 6, mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma a hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito an ce mace makiyayiya ce a gidan mijinta, za a tambaye ta kiwon da aka ba ta.

Hanyar koyarwa kuwa ba ibada ba ce da za a ce sai an zo mata da nassi. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Muƙaddima cewa mutanen Magrib (arewa maso yammacin Afirka) Alƙur'ani kaɗai suke fara ba yaro, na Andalus (ƙasar Sifen ta zamanin Musulmi) kuma suna haɗa masa da rubutu da Larabci da waƙe. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi ma gani ya yi a fara da Larabci da lissafi kafin Alƙur'ani. Dukansu Musulmi ne, ba wanda ya zama mai saɓo saboda zaɓinsa. Yarinyar da ke ganewa ta hanyar wasa, a koya mata da wasa. Ibn Mas'ud ranar Alhamis kawai yake wa'azi, ya ce Annabi (SAW) yana zaɓar musu lokaci don gudun kada su ƙosa. Manyan sahabbai ke nan, balle ƙaramar yarinya.

Inda na fi jin tsoro a kanki shi ne dukan. Uwar da ta zama malama, in ta yi fushi a karatun safe, yaro ba shi da wanda zai gudu wurinsa da rana. Anas ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Ibn Khaldun ya yi gargaɗi cewa tsanani yana koya wa yaro ƙarya da kasala. In kin ji ranki ya ɓaci, ki rufe littafin ki tashi, a dawo kansa anjima. Na baya kuma ki nemi gafarar Allah, ki lallashe su.

Maganar 'yan'uwanki tana iya zama gaskiya ta fuska ɗaya: in akwai fannin da ba ki iya ba, kika bar yaran babu shi. Tajwidi daga bakin malami ake ɗaukarsa, lissafi ma yana kaiwa inda zai fi ƙarfinki. Mahaifiyar Imam Malik da kanta ta sa masa tufafin karatu ta tura shi wurin malamin Madina Rabi'a, ta ce ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Ki nemo mai taimaka miki, maigida ya ɗauki nasa rabon, ya riƙa tafiya da namijin masallaci, ku sama musu abokai na gari. In dokar ƙasarku ta wajabta rajista ko jarrabawa ga masu karatu a gida, ku cika ta. Ranar da kika ga nauyin ya fi ƙarfinki kuma, mayar da su makaranta mai kyau shi ne ya zama wajibi.

Wallahu a'alam.