Amsa ga mai tambayar piyanon da ke dagulewa idan an sa masa ribab

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na saurari guntun da ka turo. Ka ce kana son piyano mai sanyi, wanda ake ji kamar daga nesa, ya zauna a ƙarƙashin murya a bidiyon bikin da aka ba ka nan Jidda. A manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ka ɗora ribab (amon ɗaki da ake ƙara wa sauti) na Fruity Reeverb 2 a kan piyanon FL Keys, ka murɗa shi har ƙarshe, sai sautin ya dagule, murya ta nutse. Ribab ɗin ba shi da laifi. Abin da ka ba shi ne ya maido maka, ya kuma ninka shi. Don haka gyaran daga hannunka zai fara, tun kafin ka taɓa miksa.

Buɗe inda ka zana notocin ka dubi sandunan ƙarfin bugu da ke ƙasa. A kunnena duk tsayinsu ɗaya, kuma suna sama. Ma'aunin ƙarfin bugu na MIDI yana tsayawa a 127, ni kuwa a irin wannan aiki ba na wuce 40 zuwa 70. Kada ka ce ai sai ka rage ƙara a miksa, ba ɗaya ba ne. Guduma idan ta bugi igiyar piyano da ƙarfi, tana fito da ƙananan sautuka masu kaifi a sama. Idan ta taɓa a hankali, ba sa fitowa sosai. Rage ƙara yana ba ka bugu mai kaifi ne a hankali, kaifin yana nan. Sannan ka zaɓi kod ɗin, wato notocin da ake bugawa tare, ka danna Alt da S, notocin su ɗan saɓa wa juna wajen shigowa. Ɗan kaɗan fa. Yatsun mutum ba sa sauka tare cif.

Idan kana da data, sauko da Soft Piano, wanda kamfanin Spitfire Audio ya yi a jerin LABS. An ɗauke shi ne da ƙyalle mai laushi tsakanin guduma da igiya, shi ya sa tun kafin ka sa masa komai yake da taushi, har kana jin motsin katakon ciki. Rabin aikin ya ƙare ke nan. In kuwa sai FL Keys, rage Hardness, ƙara Muffle, zai yi.

Hannun hagunka shi ne babban mai dagula ruwan. Na ji kana danna not uku a manne can ƙasa. Maɓallin ƙarshe na ƙasa a piyano yana kan 27.5 Hz (ma'aunin kauri ko kaifin sauti), C ta tsakiya tana wajen 262 Hz, C ta gaba da ke ƙasa da ita tana wajen 131 Hz. Daga nan zuwa ƙasa, notoci masu kusa da juna gurnani suke yi ko ba ribab. Bar hagu ya riƙe tushen kod da ta biyar, ko tushen kaɗai, sauran ka haura da su sama. Kuma ka rage yawan bugu. Ribab mai tsawon daƙiƙa 6 yana bukatar fili da zai baje. Idan kana buga not takwas a kowane awo, ina zai zauna?

Ga wani abu da ba za ka cika ji a darussan Turawa ba, amma mu nan ya shafe mu. Karin da ka buga Hijaz ne, irin wanda kunnen mai zama a ƙasar nan ya saba da shi: D, Eb, F#, G. Tsakanin D da Eb rabin taki ne, haka F# da G. Idan ribab ya riƙe D tana shawagi, ka kawo Eb a kanta, sai su yi ta gogayya har wutsiyar ribab ɗin, wato amon da ke saura bayan bugu, ta mutu. Kiɗan 'yan'uwanmu na Sudan, da yawancin namu na gida, kan not biyar yake tafiya, babu rabin taki a ciki. Gwada da kanka: taka fedar da ke riƙe sauti, ka bi baƙaƙen maɓallai kaɗai yadda ka ga dama, za ka ji komai tsawon ribab ba ya yin tsami. Ban ce ka bar Hijaz ba, masu biki shi suke so. Amma ka san cewa da shi dole ka gajarta wutsiya zuwa daƙiƙa 3 ko 4, ko ka ɗan dakata kafin ka taka not ɗin da ke maƙwabtaka da wadda ka bari. Fedar ma ka riƙa ɗaga ta duk sanda kod ya canza.

Yanzu miksa. Cire ribab daga layin piyano, ka ba shi layinsa daban, ka tura piyanon can. A wannan layin Dry (sautin asali) ya koma sifili, Wet (amon ribab) kaɗai za a ji. Kafin ribab ɗin, sa Fruity Parametric EQ 2 ka yanke ƙasa da sama. Tsohuwar dabarar situdiyon Abbey Road na Landan ita ce a yanke duk abin da ke ƙasa da 600 Hz da abin da ya haura 10,000 Hz. Idan piyano ne shi kaɗai nakan sauko da yankan ƙasa zuwa 300 don kada ya rame, amma tunda kana da murya a kai, tsaya kusa da 600. Wannan kaɗai zai kwashe mafi yawan lakar da kake ji. Shi kansa piyanon, ɗan rage masa tsakanin 250 da 400 Hz, ka rufe samansa daga wajen 7,000. Iska tana cinye sautuka masu kaifi kafin masu kauri, shi ya sa kunne ke ɗaukar abin da ya dushe a matsayin mai nisa.

Predelay, wato jinkirin da ribab ke yi kafin ya shigo, mutane ke tsallakewa, alhali shi ke faɗa wa kunne inda piyanon yake. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ke nan milisakan 30 kamar mita 10 ne. Fita matattakalar benenku da dare ka tafa hannu sau ɗaya: za ka ji tafin a bushe tukuna, sannan bene ya amsa. Wannan ɗan ratar ita ce. In ka ba predelay milisakan 40 zuwa 60, piyano zai tsaya kusa da kai, ɗakin ya buɗe a bayansa. In ka maido shi kusa da sifili, piyanon ya koma can ƙuryar zauren. Don murya, na fi son na biyun, a bar wa mai magana gaba.

Wutsiya mai tsawo kuwa, Valhalla Supermassive kyauta ne tun fitowarsa a 2020, kuma ya fi Reeverb 2 iya baza sauti. Sai dai kamar turaren wuta yake, ɗan ƙanƙani ya cika ɗaki, in ka zuba da yawa kowa sai ya nemi ƙofa. Ɗaga shi har ka ji shi sarai, sannan ka ja baya kaɗan.

Amsa-kuwwa da Fruity Delay 3 ba dole ba ce. In za ka sa, raba 60,000 da saurin kiɗan, wato yawan bugu a minti, ka sami tsawon jinkirin. A 80, bugu ɗaya milisakan 750 ne, kashi uku cikin huɗunsa kuma wajen 562, wanda ya fi daɗi da piyano. Maimaici biyu ko uku, a dushe, sannan ka tura shi cikin ribab.

Batun muryar da ke nutsewa: ɗora Fruity Limiter a ƙarshen layin ribab, ka shiga ɓangaren COMP, ka haɗa shi da layin murya ta saidcen, wato murya ce za ta riƙa danne shi. Duk sanda aka yi magana ribab zai sunkuya da desibel 3 ko 4, in an yi shiru ya taso. Kada ya wuce haka, sai a ji yana numfashi.

Wajen saurare, kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na minti biyu ko da zafi zai dame ka, domin hucinsa yana rufe ƙarshen wutsiya, sai ka yi ta ƙarawa ba ka sani ba. Ɗakunanmu kuma tayil ne da bangon siminti, suna ƙara nasu amon a kan na sifika, don haka hukuncin ribab da hedfon ake yin sa. Bayan nan ka maida komai mono, wato hagu da dama a haɗe, ka ji, domin dangin amarya a waya za su kalla, kuma faɗin da Supermassive ke bayarwa yakan ragu sosai a can. Idan kwamfutarka ta fara sheshsheƙa, fitar da layin ribab ya zama odiyo ka kashe fulogin ɗin. Ka gyara ƙarfin bugu da hannun hagu tukuna, ka sake turowa ba tare da ribab ko ɗaya ba, in ji shi a bushe kafin mu ɗora sauran.