Amsoshin Tambayoyinku: Me za a saya wa mai son zane?

Wani uba daga Funtuwa ya rubuto yana cewa: "Ɗana yana da shekara 15, kuma tun yana firamare babu littafin rubutun da na saya masa wanda bai cika bayansa da zanen motoci da dawakai ba. Yanzu ya tasa ni gaba sai na saya masa iPad, wai da ita masu zane ke aiki. Ƙarfina bai taka kara ya karya ba. In saya ko in dakata?"

Malam, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Shawarata ita ce ka dakata da maganar iPad, wato kwamfutar tafin hannu ta kamfanin Apple, tukuna. Abin da ke jan yara zuwa gare ta shi ne manhajar zane ta Procreate, wadda ba ta aiki a wayoyin Android, sannan alƙalamin da ake zane da shi a kanta daban ake sayensa, ga shi farashin iPad ɗin da alƙalamin duk yana bin dala. Kuɗin da za su ci ya isa ya ɗauki nauyin kayan zanen yaron na tsawon shekaru.

Ni ma da gawayi na fara, a jikin bangon zauren gidanmu, kuma na sha faɗa a kai kafin wani malaminmu ya ba ni fensir mai lamba 2B da farar takarda mai kauri. Ranar na gane cewa fensir kala-kala ne: HB na shata layi, 2B na inuwa mai sauƙi, 6B kuma na baƙi wuluk, wanda idan ka murza shi da ɗan yatsa sai ka ga tulu ya taso daga takarda kamar ka ɗauka. Ka saya masa waɗannan ukun, da magogi mai laushi, da littafin zane mai kaurin takarda, ka ce ya cika shi da abubuwan da yake gani da idonsa, kamar buta da kwanon sha da keken ɗinki da hannunsa na hagu. Yaron da ya saba kwaikwayon hoton waya yakan rikice idan aka ajiye masa buta a gabansa, kuma a nan ake gane wanda hannunsa ya faɗa.

Idan ya cika littafi biyu ko uku bai gaji ba, sai ka nemi allon zane marar fuska na kamfanin Huion ko XP-Pen ko Wacom. Wani ɗan faranti ne da ake jona shi da kwamfuta, mutum yana zane a kansa, zanen yana fitowa a fuskar kwamfutar. Alƙalaminsa ba ya buƙatar caji, allon kuma daga na'urar da aka jona shi yake shan wuta, abin da ke da amfani a inda wutar lantarki ke yi wa mutane wasan ɓuya. Da yawa daga cikinsu suna aiki da wayar Android, amma ka sa mai shago ya jona shi da wayar a gabanka kafin ka biya. Manhajar zane ta Krita kyauta ce a kwamfuta, ibisPaint kuma tana aiki a waya.

Wata ɗaliba daga Kaduna kuma ta ce: "Da zanen lalle a hannun ƙannena na fara, yanzu ina haɗa katin gayyatar biki a waya har ana biyana. Ina son in mayar da abin sana'a, amma a gida ana ƙyamar zanen masu rai. Wane fanni zan nema a jami'a, kuma wace kwamfuta zan saya?"

'Yata, hukuncin zanen masu rai magana ce ta malamai, su za ki tambaya tare da iyayenki. Abin da zan iya gaya miki shi ne, sana'ar tana da faɗin da za ki ci abinci a cikinta ba tare da kin zana fuskar kowa ba. Akwai tambarin kamfanoni da kwalin kaya da bangon littattafai da zanen atamfa, akwai kuma gadon da muka taras a gida: zayyanar da mahaddata ke ƙawata Alƙur'ani da allon sauka da ita, da dagin da magina ke fitarwa a fuskar soraye a Zariya da Kano, da aska takwas a ƙirjin babbar riga. Hannun da ya ƙware a lalle ya riga ya san daidaito da maimaita fure, kuma wannan shi ne ginshiƙin zanen tufafi.

A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai sashen zane da sassaƙa, akwai kuma sashen zayyanar kayan masana'antu, inda ake koyar da tsara abin bugawa da zanen tufafi da ginin tukwane na zamani. Na biyun ya fi dacewa da ke. Makarantar tana da tarihi a wannan fanni, domin a can ne a 1958, tun kafin ta zama jami'a a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage cewa mai zane ya haɗa dabarun da ya koya a aji da fasahar mutanensa. Ki duba darussan da ake buƙata a kundin JAMB na shekarar da za ki rubuta jarrabawa kafin ki cike fom.

Game da kwamfuta, ta hannu mai kyau ta wadatar, muddin RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita, bai gaza 8GB ba, kuma babbar ma'ajiyarta irin mai saurin nan ce da ake kira SSD. Ki cire cajar a shagon ki ga yadda batirin ke riƙe wuta, ki kuma buɗe farin shafi ki duba ko fuskar tana da tabo. Ki koyi CorelDRAW ko da kin fi son wata manhajar, domin ita ce akasarin masu buga kati da ƙyallen talla a ƙasar nan suka saba da ita. Launin da ke haskawa a waya yakan dusashe a takarda, saboda injin bugu da tawada huɗu yake aiki, don haka ki riƙa neman gwaji ɗaya kafin a buga ɗari biyar. Sannan ki lura da haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, domin yawancin salon rubutu masu ado ba su da su. Na taɓa ganin katin biki da aka bar gurbin ɗ da ɗan akwati a farkon "ɗaurin aure", ga shi an riga an raba wa dangi. Salon Noto Sans da Andika suna da waɗannan haruffa, kuma kyauta ake sauke su.